Umma ta ce in na fita zaɓe ba ta yafe min ba

Wannan saƙon wani matashi ne ya turo min daga nan cikin Jos, na ɗan rage masa tsawo amma maganarsa ce:

"Anti barka da ƙoƙari. Shekarata 24, a Rikkos nake, gyaran waya nake yi a wajen Taminus. Babban yayanmu ya rasu a rikicin 2008 lokacin ina ƙaramin yaro, tun daga nan Umma ba ta son ko jin kalmar zaɓe a gidan. A 2023 na so in yanki kati ta hana. Yanzu ni da abokaina mun fara 'yar ƙungiya ta samarin layinmu saboda kwatar da ke cika ta shigo mana gidaje duk damina, muna so mu yi rajista mu kuma ja wasu su yi ko 'yan siyasa za su san da zamanmu. Da na gaya mata sai ta fashe da kuka ta ce in na fita zaɓe ba ta yafe min ba. Wasu abokaina sun ce in yanki katin a ɓoye, wasu sun ce ma wahalar banza ce tunda kotu ce ke zaɓen shugaba yanzu. Anti ya zan yi?"

Ƙanina, Allah ya jiƙan yayanka da rahama, ya sa ya huta, ya ba Umma haƙurin da ya fi wanda take da shi. Wallahi na karanta saƙonka sau uku kafin na iya ɗaukar waya in fara rubutu, don ranar da kake magana a kanta ni ma ina garin nan, ban fi shekara ɗaya da aure ba. Ranar Alhamis 27 ga Nuwamba aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, mutane sun fita sun dangwala sun koma gida lafiya lau, sai da asubahin Juma'a ana cikin tattara sakamakon Jos ta Arewa gari ya rikice. Na tuna hayaƙi ta ko'ina, na tuna yadda muka cika ɗaki ɗaya da matan maƙwabta da yara kowa na kiran lambar nasa ba ta shiga, sannan dokar hana fita, sannan kwanakin da aka yi ana neman waɗanda suka fita ba su dawo ba. Ɗaruruwan mutane suka tafi cikin kwana biyu, an ƙona masallatai an ƙona coci-coci, kowane ɓangare akwai uwar da har yau in ta ji ana kiɗan kamfen gabanta faɗuwa yake. Ummanka tana cikinsu. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Saboda haka maganar yanka kati a ɓoye, cire ta daga ranka tun yanzu. Ni ba zan ba ka wannan shawarar ba ko da kuwa ƙuri'arka ce za ta raba gardama. Na farko dai ba ya ɓoyuwa, a unguwa irin Rikkos ranar zaɓe kana tsaye a layi wata maƙwabciya za ta gan ka, kafin ka iso gida labari ya riga ka, ga kuma tawada a ɗan yatsa. Ka yi tunanin yadda za ta ji, ɗa ɗaya ya fita a kan zaɓe bai dawo ba, ɗayan kuma ya yi mata ƙarya a kan zaɓen. Daga ranar duk fitar da za ka yi, ko shago ne, ba za ta ƙara samun natsuwa ba. Sannan ka san hadisin mutumin da ya zo wajen Manzon Allah (SAW) yana neman izinin fita jihadi, aka tambaye shi iyayenka suna raye, ya ce e, aka ce to koma ka yi jihadinka wajen kyautata musu. In wannan fitar ma sai da aka duba hawayen iyaye, ina ga fita rumfar zaɓe.

Amma fa ban ce ka haƙura da abin da ka sa a gaba ba. Abin da nake so ka gane shi ne Umma ba da siyasa take faɗa ba, ba ruwanta da wace jam'iyya ko wane ɗan takara, tsoro ne da ciwon da bai warke ba. In ka zo mata da hujjar 'yancin ɗan ƙasa da dimokuraɗiyya kamar kana muhawara a majalisar mai shayi, ka riga ka faɗi, don ita gawar ɗanta take gani kai kana karanto mata tsarin mulki. Ka taɓa zama ka ce Umma ba ni labarin Yaya? Ba labarin rasuwarsa ba, labarinsa shi, me yake so, wane abinci, wace sana'a ya so ya yi. Yawancin gidajenmu an binne maganar ne tare da mamatan, an ce a yi haƙuri, shike nan ba wanda ya ƙara tayarwa, uwa ta yi ta haɗiye abin ita kaɗai shekara da shekaru. Ka ba ta wannan damar ba tare da ka saƙa maganar kati a ciki ba, ko sau ɗaya kar ka ambata. Ka yi masa sadaka da saninta, ka ce mata wannan ta Yaya ce. Ba dabara nake koya maka ba, haƙƙinta ne da ya kamata a ce an ba ta tuntuni.

Sannan aikin kwatar nan da kuka fara, wallahi shi ya fi burge ni a saƙonka gaba ɗaya, kuma ba ya buƙatar kati ko izinin hukumar zaɓe ta INEC. Kai ɗan Rikkos ne, ba sai na ba ka labarin ambaliyar watan Yulin 2012 ba, ruwan da ya zo cikin dare ya tafi da gidaje da mutane da dama a Rikkos da Gangare da kewaye, wasu ma sai a can nesa aka tsinci gawarsu. Umma ta san wannan sarai. Kwata ba ta da jam'iyya, kuma ba na jin akwai uwar da za ta ce ba ta yafe ba don ɗanta ya ɗauki shebur ya yashe lambatun ƙofar gidanta. To ku fara daga nan. Ku je wajen mai unguwa ku gabatar da kanku tun kafin wani ya kai masa labarinku a karkace, ku sanar da liman ya yi shela bayan sallar asuba ranar da za ku yi aikin gayya, ku samo baro da shebur da buhuna, ku tanadi inda za a kai sharar don in kun tara ta a bakin kwata ruwan farko zai mayar da ita ciki. Ku sami littafi ɗaya, duk naira hamsin ɗin da wani ya bayar a rubuta a karanta a gaban kowa, don ƙungiyoyin samari da yawa da na gani sun mutu a garin nan kuɗi ne ya kashe su, dubu ashirin ta shige aljihun ma'aji an daina gaisawa.

Bayan haka ku rubuta takarda zuwa ga kansilan mazaɓarku da ciyaman, da hotuna, da sa hannun magidanta, ku kai sakatariya ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Bayan sati uku ku koma, bayan wani sati ukun ku sake komawa. Mutane da yawa ba su san magudanan ruwa na cikin unguwa da kwashe shara da ƙananan asibitocin sha-ka-tafi aikin ƙaramar hukuma ba ne, komai sai a ce gwamna ko shugaban ƙasa. Kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma ce kantomomin naɗi ba su da hurumin riƙe su. Ko aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, kuna da bakin tambaya ina kason unguwarmu. Haka kwamitin iyaye da malamai na firamaren unguwa, haka kwamitin da ke kula da asibitin mazaɓa, duk wurare ne da kujeru ke zama babu kowa sai dattawa biyu-uku da suka gaji, matashi mai iya rubutu da riƙe waya in ya shiga hannu bibbiyu za a karɓe shi.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai da babbar murya. Da zarar an ga kun kai ku talatin kuna da suna, wani ɗan siyasa zai aiko a kira shugabanku, a ba ku riguna da 'yan kuɗin shan ruwa. Ranar da kuka karɓa kun tashi daga masu tambaya kun koma yaran wane, kuma daga yaran wane zuwa 'yan jagaliya tafiyar ba nisa, mun ga yadda aka yi da yaran da suka zama 'yan sara-suka a unguwanninmu, ba wanda aka haifa da wuƙa a hannu. Wannan shi ne ainihin abin da Umma ke tsoro ko ba ta faɗa da baki ba, kuma a nan tana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Duk ɗan takarar da ke son ganinku ya zo unguwa da rana tsaka, a gaban mai unguwa da dattawa da mata, ya tsaya a bakin kwatar ya faɗi me zai yi da yaushe, ku ɗauka a waya ku ajiye. Na kowace jam'iyya ya zo, kar ku ware. In akwai Kiristoci a layinku ko layin da ke bayanku ku jawo su ciki, ruwan nan in ya taso ba ya tambayar sunan mai gida, kuma rabuwar unguwanni da aka yi bayan rikicin 2001 da na 2008 ba abin da ta ƙara mana sai tsoron juna.

Yanzu abokanka masu cewa wahalar banza ce. Ba zan ce ba su da abin faɗa ba, a Filato musamman. Kowa ya ga abin da ya faru bayan zaɓen 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta sauke 'yan majalisa da dama da mutane suka zaɓa saboda rikicin shugabancin jam'iyyarsu, ta sauke gwamna Mutfwang shi ma, sai a watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta dawo da shi. Wanda ya sha rana a layi ya ga haka dole ransa ya yi sanyi, ko wace jam'iyya yake. Amma ka tambaye su wannan, a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, waɗanda suka fita ba su kai miliyan 25 ba, wato cikin mutum huɗu kusan uku suna gida. Wanda ya ci da ƙuri'a miliyan 8 da dubu ɗari bakwai da wani abu ya ci. To waɗancan da suka zauna a gida wa suka hukunta? A Sakkwato a 2019 ƙuri'a 342 ce tsakanin Tambuwal da abokin takararsa, kujerar gwamna guda, 342, mutanen da ba za su cika sahun masallacin Juma'a ɗaya ba. A Kano a shekarar tazarar ba ta kai dubu tara ba. Nan Filato a 2023 kusan dubu 44 ce tsakanin Mutfwang da Nentawe. Kujerar kansila kuwa, wadda ita ce ta fi kusa da kwatarku, samarin layi uku in suka haɗa kai da iyayensu mata za su iya juya ta.

Kuma ni abin da kullum nake faɗa, in da ƙuri'a ba ta da amfani ba wanda zai bi mata gida-gida da taliya da atamfa da sabulu yana roƙo. Ɗan siyasa ba ya kashe kuɗinsa a kan abin da ba shi da daraja. Suna da takardar sakamakon kowace rumfa, sun san unguwar da ke fita da wadda ba ta fita, kuma in aka zo rabon aiki da wannan takardar ake kallo. Maguɗi ma ya fi sauƙi a inda ba kowa, akwatin da mutum ɗari biyar suka tsaya aka ƙirga a gabansu aka manna sakamako a bango kowa ya ɗauka a waya ya fi wuyar taɓawa a kan wanda mutum arba'in suka zo suka watse. Na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da aka fara aiki da ita ta rage irin dangwalen da ake yi wa mutanen da ba su zo ba, duk da cewa ɗora sakamakon shugaban ƙasa a intanet ya ba da kunya a 2023, wannan kowa ya shaida.

Af, ka kuma tuna wa abokan naka, tun 2018 aka rage shekarun takara, ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Shekara ɗaya ta rage maka.

Mu dawo kan Umma, don ita ce maganar. In aikin unguwa ya kankama ta ga damina ta wuce ruwa bai shigo mata tsakar gida ba, ta ji mata a gidan suna ko biki suna cewa ai ɗanki ne ya tsaya, zuciyarta za ta fara kallon abin da wani ido. Lokacin ne za ka nemi wanda take jin nauyinsa, kawunka ko yayarta ko malamar Islamiyyarsu, mace ma ta fi, musamman wadda ita ma ta yi rashi a rikicin kuma tana fita zaɓe, akwai su da yawa a garin nan. Kar ka tara mata jama'a kamar an kawo ƙararta, mutum ɗaya ya isa, kuma kai ka bar wajen su yi maganarsu. Abin da za a roƙa a farko kati ne kawai. Yankan kati ba ranar zaɓe ake yi ba, ba taro ba hayaniya, in INEC ta buɗe rajista za ka iya fara cikewa a waya sannan ka je ofishinsu na ƙaramar hukuma a ɗauki hotonka da zanen yatsu, ka dawo ka ci gaba da gyaran wayarka. Ka zaɓi rumfar da ta fi kusa da gida, a 2021 an ƙara rumfuna sun kai 176,846 a faɗin ƙasa don a rage cunkoso da nisa, wataƙila ma taku daga ƙofar gida ana hango ta. In katin ya fito ka kawo mata ka ce Umma ke za ki ajiye, ranar da kika yarda ki ba ni da hannunki. Ka bar mata wannan ikon, don abin da 2008 ta ƙwace mata ke nan, ɗanta ya fita ba ta da yadda za ta yi.

Sannan ka yi mata alkawuran da za ka iya cikawa. Za ka fita da safe, a zaɓen 2023 ƙarfe takwas da rabi ne lokacin buɗewa, ka dangwala ka dawo. Ba za ka zama ejan na kowace jam'iyya ba, ba za ka bi akwati zuwa wajen tattara sakamako ba, ba za ka shiga zugar murna ko ta zanga-zanga ba, in magariba ta yi kana gida. Na san ɗazu na ce tsayawa a ƙirga yana da amfani, amma kai halinka daban ne, abokanka su tsaya su ɗauko hoton, kai naka shi ne ka dawo wa Umma da wuri. Wanda zai yi mata magana ya tuna mata a hankali cewa wutar 2008 a wajen tattara sakamako da jita-jitar dare ta tashi, kuma an yi zaɓen 2015 da 2019 da 2023 a garin nan, an yi na ƙananan hukumomi a 2021 da 2024 har da Jos ta Arewa da aka tsallake a 2018, an yi ƙorafi an je kotu amma ba a koma waccan ranar ba. Kar ka ce mata ba abin da zai faru, wannan ba a hannunka yake ba kuma ta san haka, ka ce mata ga matakan da ka ɗauka, sauran a bar wa Allah.

Ban sani ba ko ita tana da kati tun na da. In tana da shi, wata rana can gaba, ba yanzu ba, ka tambaye ta ko za ta raka ka. A rumfa ana ba tsofaffi da masu ciki da masu lalura dama su riga kowa. Kakanninmu mata a Arewa sai a 1976 aka ba su damar jefa ƙuri'a, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kai, mahaifiyata har ta rasu tana ba mu labarin yadda ta ci kwalliya ta fita a 1979 kamar ranar sallah.

In kuma duk an yi wannan ta ce a'a, to a'a ɗin ce a wannan zagayen, kar ka ja da ita kuma kar ka ɗaure mata fuska. Ka zauna a gida ranar, ka yi mata cefane tun jajibiri, ka zauna kusa da ita ku saurari rediyo tare. Kafin ranar kuwa ba wanda ya hana ka taimaka wa mutum ashirin su cike rajista a wayarka a shago, ka duba wa tsofaffin layinku inda rumfarsu take, ka nuna wa wanda ya ƙaura daga wata unguwa yadda zai nemi a dawo masa da katinsa kusa da gida. Maganar "ban yafe ba" kuma ka samu lokacin da ranta ke sanyi ka durƙusa ka roƙe ta ta janye, ka ce mata ba za ka taka ko'ina ba sai da izininta amma kalmar tana hana ka barci. Uwa ce, cikin kuka ta faɗa.

Ka sake rubuto min bayan kun yi aikin gayyar farko, ina so in ji mutum nawa suka fito da abin da mai unguwa ya ce. Ka gaishe min da Umma sosai, ka ce mata wata 'yar'uwarta da ta ga waccan Juma'ar tana yi wa ɗanta addu'a.